Jamusanci a wurin aiki: yadda ake ce wa mutum "zo" ba tare da an ɓata masa rai ba

Yau darasinmu na ƴan uwa ne da ke neman abinci a Jamus, da masu shirin bin mazajensu ko matansu can. Abin da sabon zuwa ke fara ji a wurin aiki umarni ne: zo, tsaya, ɗauki, rufe. To, ya kamata mu san yadda ake faɗinsu, da kuma wanda ake faɗa wa.

Wanda ya yi lakwal ya san bambancin "tu" da "vous" a Faransanci. Haka Jamusawa ke da "du" da "Sie". "Du" na aboki ne, da ɗan gida, da yaro, kuma bai raba namiji da mace, ba kamar "ka" da "ki" namu ba. "Sie" kuwa tamkar "ku" ɗinmu ne na girmamawa.

Ga dabarar. A ɗauki "du kommst", wato kana zuwa, a jefar da "du" da "st" na ƙarshe, sai ya rage "Komm!", zo. Haka "du nimmst" ke komawa "Nimm!", ɗauki, "du gibst" ya koma "Gib!", ba da. In mutane da yawa ne, sai a ce "Kommt!", ku zo.

Ga waɗanda aka fi ji kullum:

Komm her! Zo nan.
Warte mal! Ɗan dakata.
Pass auf! Yi hankali.
Hör zu! Saurara.
Gib mir das! Ba ni wannan.
Mach die Tür zu! Rufe ƙofa.

A lura da ta ƙarshen nan. Kalmar rufewa "zumachen" ce, amma a umarni tana rabuwa biyu, "zu" ya koma can ƙarshe. Da "auf" ne a wurin, ma'anar ta zama buɗe ƙofa. Ke nan sai mu bari mai magana ya dire kafin mu tashi. Wajen furuci, "w" kamar "v" na Faransanci take, "z" kusa da "ts", "ü" kuma kamar "u" na Faransanci.

Umarni tsurarsa yana da kaushi a kunnen Bajamushe. Shi ya sa suke ƙara "bitte", don Allah, ko "mal" mai sassauta magana: "Komm mal bitte her."

Inda ake samun matsala shi ne kai wannan salon gaban mai gidan aiki, ko likita, ko ma'aikacin ofishin baƙi. Can "Kommen Sie bitte" ake cewa. Kiran ɗan sanda da "du" ma ana iya ɗaukarsa cin mutunci, har a ci mutum tara. Bisa al'adarsu, babba ne ke ba ƙarami izinin cewa "du". Har sai ya ba da, mu riƙe "Sie".

Masu son ƙari, tashar DW da ke Bonn tana da darussan Jamusanci kyauta a intanet, cikinsu akwai Nicos Weg da ke farawa daga matakin A1, matakin da galibi ake nema ga mai son bin miji ko mata. Allah ya ba da sa'a.