Ba Kabayid Kaɗai Ne Ciwon Kasuwar 'Yan Lemo Ba

Duk shekara idan mangwaro ya faɗo, sai hukumar NAFDAC ta sake jan kunnen masu nunar da 'ya'yan itace da sinadarin kabayid. Gargaɗin daidai ne. Amma me ya sa manomi ke tsinke mangwaro ɗanye shar? Tsoron ruɓa. Ya san idan ya bari ya nuna a bishiya, kafin mota ta iso kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa daga Binuwai, kayan sun soma baƙin tabo.

Tabon nan funfuna ce da ke shiga tun a gona, ta lafe a ɓawo har ɗan itacen ya nuna. Koriyar funfunar lemo kuwa ta rauni take shiga. Masana sun gano cewa man ƙamshin da ake tatsa da tururi daga kanumfari da kirfa yana lalata ƙwayoyin funfuna. Sai dai man yana saurin tashi a iska, kuma idan ya yi yawa yakan ƙone ɓawo.

A nan ƙaro ya shigo, kuma a nan abin ke ci mini rai. A 2011 masu bincike a Malesiya suka wallafa gwajin da suka yi: sun narka ƙaro, suka gauraya da man kirfa, suka shafe ayaba da gwanda, ruɓa ta ragu ƙwarai. Ƙaron ne ke riƙe man a jikin ɓawo, yana kuma rage numfashin ɗan itacen. Ƙaro fa! Wanda malamanmu ke zubawa a tawada tun kaka da kakanni, wanda ake tsinta a dazukan Yobe da Borno da Jigawa, wanda Sudan ta fi kowa fitarwa a duniya. Muna loda shi a buhu ɗanye, wasu can suna gano amfaninsa. Akwai tashar binciken ƙaro a Gashuwa, akwai reshen cibiyar binciken adana amfanin gona a Kano. Me ya hana su haɗa kai su gwada a kan mangwaronmu, cikin zafinmu?

Kada dillali ya ɗauka wannan izini ne na yayyafa turare a kwando. Awo aikin masana ne. Amma hukuma ta sani, hana kabayid ba zai ɗore ba muddin ba a ba manomi abin da zai kai kayansa kasuwa lafiya ba.