JIRGIN BALAN-BALAN: KO ZAI KOMA DAKON KAYA?

Duk mai fataucin albasa ko goro ya san kuɗin mota shi ke cinye riba. Wannan damuwa, da kuma hayaƙin da jiragen sama ke watsawa duniya, su suka sa waɗansu kamfanoni a Turai suka waiwayi wani tsohon jirgi da aka daɗe da jingine shi, watau jirgin balan-balan.

Shi wannan jirgi ƙatuwar jaka ce mai siffar kankana doguwa, wadda a kan cika da wata iska da ta fi iskar da ake shaƙa rashin nauyi. Iskar ce ke ɗaga shi sama, inji kuwa tura shi gaba kawai yake yi. Saboda haka ba ya shan mai da yawa, hayaƙinsa kaɗan ne, kuma ba ya bukatar doguwar hanyar sauka.

Wani Bajamushe mai suna Zeppelin ne ya shahara da shi, ya tayar da nasa na farko a 1900. A watan Nuwamba na 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, Jamusawa suka loda wa wani mai lamba L59 magunguna da harsasai wajen tan 15, ya tashi daga Bulgeriya zai kai wa sojojinsu a Afirka ta Gabas. Sai da ya kai kusa da Hartum a ƙasar Sudan aka ce ya juya. Ya yi awa 95 a sama bai sauka ba. Amma a 1937 wani mai suna Hindenburg ya kama wuta a Amurka, mutum 36 suka rasu, don kuwa iskar haidurojin da ke cikinsa mai cin wuta ce. Daga nan kasuwarsa ta mutu.

Na yanzu da hiliyom a kan cika su, wadda ba ta kamawa, sai dai tsada. A Ingila an gwada Airlander 10 a 2016, mai tsawon mita 92. Kamfanin Flying Whales na Faransa kuwa ya zana wanda zai ɗauki tan 60, kimanin lodin tirela biyu ke nan, don fito da katako daga dazuzzukan da mota ba ta shiga.

To, amma fa akwai sauran aiki. Jirgin ba shi da sauri, guguwa kuma tana wahalar da shi. Babbar matsala ita ce wajen sauke kaya: da zarar an cire tan 60 sai ya yi sakayau ya nemi cillawa sama, sai an ɗura masa ruwa daidai nauyin abin da aka sauke. Kuɗi ma sun kayar da wasu. Kamfanin CargoLifter na Jamus ya yi alkawarin mai ɗaukar tan 160, ya karye a 2002 bai ƙera shi ba. Ƙaton rumbun da ya gina a kudu da Balin, wurin wasan ninƙaya aka mai da shi.