Ƙara wa ƙaramin babur ƙarfi: riba ce ko asara ga mai hawan yau da kullum?

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, masu ƙananan babura a ƙasar nan suka shiga sabon lissafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, sannan ta zarce naira 1,000 a Abuja a watan Oktoban 2024. Wannan ita ce litar da aka sayar naira 11 a 1994. A irin wannan hali, shawarar da makanike ke ba mai babur cewa a buɗe masa inji domin ya ƙara gudu ta zama batun jari, wanda ya kamata a auna shi kamar yadda ake auna kowace harkar kasuwanci.

Baburan da ake magana a kansu su ne masu inji mai bugu biyu, wato irin wanda ake haɗa wa fetur da mai. Cikinsu akwai tsofaffin Vespa, waɗanda kamfanin Piaggio na Italiya ya soma ƙerawa a 1946, da Suzuki AX100 da takwarorinsa na ƙasar Sin, da kuma ƙananan babura marasa giya da ake shigowa da su na hannu. Har yanzu da yawa daga cikin 'yan tireda, masu kai saƙo da ƙananan ma'aikata da su suke neman abinci.

Yadda injin yake aiki

A inji mai bugu huɗu, irin na Bajaj Boxer, fistin sai ya yi hawa da sauka sau biyu kafin wuta ta tashi sau ɗaya. A mai bugu biyu kuwa, kowane zagaye da wutarsa. Wannan ne ya sa yake da kuzari fiye da girmansa, ga sauƙin nauyi, ga arahar gyara. Sai dai kuma ba shi da bawul. Ramuka ne a jikin silinda, waɗanda fistin ke buɗewa yana rufewa, kuma akwai ɗan lokacin da ƙofar shigar fetur da ta fitar hayaƙi duk suke buɗe tare. A wannan lokaci wani kaso na fetur yakan bi salansa ya fice ba tare da ya ƙone ba. Wato dai tun daga masana'anta injin yana da ɓarnarsa, kuma yawancin dabarun ƙara masa gudu faɗaɗa wannan ɓarna suke yi.

Har ila yau, injin ba shi da ma'ajin baƙin mai a ƙasansa. Man da ke cikin fetur shi kaɗai ne ke shafe fistin da boris. Duk abin da ya taɓa ma'aunin fetur, iska da mai, ya taɓa tsawon ran injin.

Gyaran da ke mayar da kuɗinsa

Mafi yawan baburan da masu su ke kukan sun yi sanyi, ƙarfinsu na asali ne ya zube, kuma ana iya dawo da shi da kuɗi kaɗan. Abu na farko shi ne matatar iska. Ƙurar hunturu takan toshe ta, iska ta ragu, fetur ya yi yawa, babur ya riƙa shan mai yana nauyi. Wanke ta ko sauya ta ya fi kowane gyara araha. Cire ta gaba ɗaya, kamar yadda wasu ke yi don babur ya yi ƙara, buɗe wa yashi ƙofa ne ya shiga ya cinye silinda.

Na biyu shi ne salansa da ƙofar hayaƙi. Man da ke ƙonewa yakan bar baƙin dasƙararren toka da ke rage faɗin hanya sannu a hankali. Kankare shi kan dawo da gudun da aka rasa ba tare da an sayi komai ba. Na uku shi ne zoben fistin: idan ya cinye, matsin inji ya ragu, babur ya yi wuyar tashi da safe, ya kasa hawan tudu.

Na huɗu kuma mafi muhimmanci shi ne saitin kafireto. Fulogi ne ke ba da shaida. Idan aka kwance shi bayan tafiya mai ɗan nisa aka ga bakinsa ruwan ƙasa, kamar shayi da madara, saiti ya yi daidai. Idan baƙi ne, fetur ya yi yawa, ana asarar kuɗi. Idan fari ne fat, fetur ya yi kaɗan, inji na zafi, kuma fistin na iya kamewa a tsakiyar hanya. Wannan shi ne hatsarin da ke tattare da al'adar matse jet don a rage shan mai: abin da aka tsimi a wata uku, gyara ɗaya zai haɗiye shi.

Saitin ma ya danganta da wuri. Garin Jos yana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, inda iska ta fi ta Legas ko Fatakwal sauƙi da wajen kashi ɗaya cikin goma. Babur da aka saita a bakin teku zai riƙa shan mai fiye da kima a Jos, wanda kuma aka saita a Jos zai iya yin zafi idan aka sauko da shi Kudu. Dillalan da ke safarar babura tsakanin jihohi ya kamata su lura da haka.

Batun mai

Ma'aunin da aka tsara wa yawancin Vespa shi ne kashi 2 cikin 100, wato mililita 20 na mai a kowace litar fetur. Mutane da dama na ɗauka cewa ƙara mai kariya ce. Amma man da aka ƙara yana maye gurbin fetur ne a cikin abin da ke wucewa ta jet, ga toshe fulogi da salansa. Haka nan baƙin man mota ba a yi shi don ƙonewa ba. Man da ya dace shi ne mai alamar 2T, kuma a jikin gorar akan rubuta matakin ingancinsa bisa ma'aunin JASO na ƙasar Japan: FB, FC ko FD. Na FC da FD sun fi rage hayaƙi da toka. Bambancin farashinsu bai kai kuɗin sabon fistin ba.

Gyaran da ke cin jari

Daga nan sai a zo ga abin da ake kira ƙarin ƙarfi na gaske: sanya babbar silinda, misali daga cc 50 zuwa 70, goge ramukan silinda don su faɗaɗa, da ɗaura salansa mai tumbi. Wannan salansa dabara ce da injiniya Walter Kaaden na kamfanin MZ a Jamus ta Gabas ya inganta a shekarun 1950 domin tsere. Tana amfani da bugun hayaƙi wajen mayar da fetur cikin silinda, amma tana yin haka ne sosai idan inji na juyawa da sauri. A cunkoson Oshodi ko na kasuwar Onitsha, inda ake tashi ana tsayawa, sau da yawa babur mai irin wannan salansa ya fi na asali kasala wajen tashi. Ga mai ɗaukar kaya, ƙarfin ja daga tsaye ya fi gudun ƙarshe amfani.

Akwai kuma ƙa'idar da ba ta sauyawa. Ƙarfin da ake buƙata don keta iska yana ninkuwa sau takwas idan gudu ya ninka sau biyu. Saboda haka ƙarin gudu kaɗan yana cin fetur mai yawa. Bugu da ƙari, birki, tayoyi da kuloc duk an tsara su ne daidai da ƙarfin asali.

A ɗauki misali da mai babur da ke yin kilomita 60 a rana, lita ɗaya na kai shi kilomita 30. Lita biyu ke nan. Idan bayan an buɗe injin lita ta koma kilomita 24, zai sha lita biyu da rabi. A kwanakin aiki 26, ƙarin lita 13 ne a wata, lita 156 a shekara, ban da kuɗin kayan da aka ɗaura da na makanike. Abin da ya samu kuwa, idan matsakaicin gudunsa ya tashi daga kilomita 40 zuwa 45 a sa'a, bai kai minti biyu ba a tafiyar kilomita 10.

Darajar babur a kasuwa

Wani abin dubawa shi ne cewa manyan kamfanoni sun juya wa irin wannan inji baya saboda dokokin hayaƙi. Piaggio ya daina ƙera Vespa PX a 2017 bayan ta kasa cika sharuɗɗan Turai. Kayan gyara na asali suna ƙara ƙaranci, waɗanda ake samu a Nnewi da sauran kasuwanni kuma farashinsu na bin canjin dala, musamman tun da aka saki naira a watan Yunin 2023. Silinda tana da iyakar yawan gogewar da za ta ɗauka. Wanda ya cinye wannan dama don neman gudu ya rage shekarun aikin babur, kuma masu saye na hannu sukan karya farashin duk wanda aka taɓa wa inji.

Ga ɗan kasuwa mai babur ɗaya ko goma, matakin farko shi ne ya cika tanki, ya rubuta lambar mita, ya san kilomita nawa lita ke kai shi. Duk gyaran da makanike ya kawo, a sake aunawa bayan mako guda. Wanda ya rage kuɗin kilomita a riƙe shi, wanda ya ƙara a mayar da kayan asali.