Yawan Kumfa a Tulun Abin Sha Mai Gas: Dalilansa da Haɗarin da Ke Tattare da Gyaransa

A Amurka da ƙasashen Turai, masu haɗa abin sha a gida, walau giya ko lemo ko ruwan soda, sukan adana shi a tulun ƙarfe mai cin lita 19 da ake kira Cornelius, wanda tun asali kamfanonin lemo ne suka riƙa amfani da shi. Akan haɗa tulun da tukunyar iskar kabon dayoksaid, wato iskar da ke sa lemo tartsatsi a baki, ta hanyar na'urar daidaita matsi, sa'annan abin shan ya bi tiyo ya fito ta famfo. Abin da masu wannan tsari suka fi kuka da shi shi ne cikar kofi da kumfa, kuma galibinsu na'urar matsi suke fara murɗawa, alhali sau da yawa ba daga nan matsalar take ba.

A shekarar 1803 masanin kimiyya ɗan Ingila, William Henry, ya bayyana cewa yawan iskar da ruwa ke iya riƙewa ya danganta ne da ƙarfin matsin da ke kansa, sa'annan an tabbatar cewa ruwa mai sanyi ya fi mai ɗumi riƙe ta. Saboda haka kumfa alama ce ta cewa iskar ta kuɓuce tun kafin abin shan ya isa kofi, ko dai don zafi, ko don matsi ya faɗi farat ɗaya.

Sanyi ne ya kamata a fara dubawa, domin ana so tulun ya zauna a cikin firiji a digiri 3 zuwa 4 na ma'aunin Salshiyas, kuma idan kofin farko kaɗai ke yin kumfa na biyu ya fito lafiya, to tiyon da ke wajen firiji ne ya yi ɗumi. Daga nan sai tsawon tiyo, wanda aikinsa rage gudun abin sha a hankali. Mai faɗin kusan milimita 5 yakan buƙaci mita 2 zuwa 3 idan matsin yana tsakanin psi 10 da 12, ruwan soda kuwa, da yake matsinsa ya fi haka, sai tiyon ya fi tsawo. Ƙananan ƙwayoyin iska da ake gani suna taruwa a cikin tiyo suna nuna cewa matsin ya gaza abin da ake buƙata. Dattin da ya manne a tiyo ko kofi, da tsohuwar robar toshiya, da buɗe famfo rabi da rabi, su ma duk suna haddasa kumfa.

Haɗarin yana wajen iskar kanta, domin matsin cikin tukunya ya haura psi 800 a zafin ɗaki, don haka wajibi ne a ɗaure ta a tsaye, a nesanta ta da rana da wuta, kada kuma a taɓa haɗa ta da tulu ba tare da na'urar daidaita matsi ba. Iskar ba ta da launi, kuma da yake ta fi iskar shaƙa nauyi takan kwanta a ƙasan ɗaki idan ta yi yoyo. Wannan iska ce ta fito daga Tafkin Nyos na Kamaru a watan Agustan 1986 ta hallaka mutane fiye da 1,700 a ƙauyukan da ke kewaye. Ana gano yoyo ta hanyar shafa ruwan sabulu a mahaɗan tiyo, duk inda ya tashi to nan ne ɓarakar, kuma wanda ya ji jiri ko ciwon kai ko saurin numfashi a kusa da tukunya, ya fita waje nan take, a buɗe ƙofofi da tagogi kafin kowa ya koma ya rufe ta.