Jinyar Uba a Ƙarshen Kwanansa

Kai mai karatu, in mahaifinka ya kwanta ciwon ajali, kada ka ce jinya aikin mata ne. Naka ne.

Da fari ka kai shi ga likita. Daga Badariya zuwa Asibitin Sir Yahaya ba nisa, duk cikin Birnin Kebbi ne. Sunan Sarkin Gwandu Yahaya aka sa masa, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1954. In likita ya ce ciwon ba mai warkewa ba ne, ka roƙi maganin rage zogi, ka komo da tsohon gida.

Ka riƙa juya shi bayan kowace sa'a biyu, gama gefen da aka daɗe ana dannewa jini ba ya ratsa shi, sai gyambo ya ɓullo a ƙugu da diddige. In ya ƙi tuwon shinkafa, kada ka tilasta masa. Ka ta da shi zaune, ka ba shi kunu kaɗan kaɗan, kada ya ƙware. In haɗiya ta gagara, ka jiƙa masa leɓe da tsumma mai tsabta.

Tun bakinsa na motsi, ka tambaye shi bashin da ke kansa, da gonar fadama in ya ba da ita jingina. Tun da ka iya rubutu, ka rubuta gaban shaidu biyu. Bashi ake fara biya kafin rabon gado, wasiyya kuwa ba ta wuce sulusin dukiya.

In ya shiga gargara, ka fuskantar da shi alƙibla, ka riƙa faɗin kalmar shahada kusa da kunnensa a hankali, ba tare da matsa masa ba. Ka hana kururuwa, gama sau da yawa yana ji ko da ba ya iya amsawa.