Ƙwayar Mura a Bayan Sitiyari

Kafin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ba matashi lasin tuƙin babbar mota, sai ya kawo takardar shaidar lafiya daga asibitin gwamnati, a kuma auna ganinsa. Sabon direba daga Roni ko Gwiwa da ya je asibiti a Kazaure don wannan takarda yakan ɓoye magungunan da yake sha, wai kada aiki ya kuɓuce masa. Alhali hawan jini, idan ana shan maganinsa kan ƙa'ida, ba ya hana tuƙi. Ɓoyewar ce abin tsoro.

Mu ɗauki Piriton, ƙwayar mura da kowa ya raina. Aikinta shi ne toshe sinadarin histamin mai jawo atishawa. To amma wannan sinadari, a cikin ƙwaƙwalwa, yana cikin masu riƙe mutum a farke. Da an toshe shi sai gyangyaɗi. Ɗalibai su yi lissafi: motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin mita 50 cikin daƙiƙa 3. Tazarar da tirela za ta yi ke nan a hanyar Kano zuwa Daura, direba ido rufe.

Mai ciwon sukari kuwa, idan ya yi allurar insulin ya kama hanyar Babura bai karya ba, sukarinsa na iya faɗuwa ya suma. Likitan da aka gaya wa sana'ar majinyaci yakan canza magani, ko ya mayar da shansa dare.