Balagar Ɗa Namiji da Fitsarin Jini

Idan yaro ya kai tsakanin shekara 9 zuwa 14, galibi a nan ne Allah Maɗaukakin Sarki yake fara sauya halittarsa, sai marainansa su ƙara girma, gashi ya tsiro a mara da hammata, murya ta buɗe, har wandon da aka ɗinka masa da Sallar bara ya koma yana tsayawa a ƙwauri. Likitoci sun tabbatar sinadarin testosteron ne sababin wannan al'amari. Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya kuwa sun lissafa ihtilami da tsirowar gashin mara cikin alamomin balaga, in babu su sai cikar shekara 18, daga nan ya zama mukallafi. Ɗan kumburin nono da kan firgita samari a wannan lokaci, mafi yawansa yakan baje da kansa.

Amma abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wani zato da ya daɗe a wasu ƙauyukanmu, cewa wai fitsarin jini alama ce ta zama namiji, alhali kuwa tsargiya ce, cutar da tsutsarta take fitowa daga dodon koɗi a kududdufi da madatsar ruwa, ta huda fatar mai wanka, ta yi ƙwai a jijiyoyin mafitsara, in aka yi sakaci ta illata ƙoda. Uban da ya ga haka, wajibi ne ya kai ɗansa asibiti a auna fitsarinsa, a ba shi maganin praziquantel gwargwadon nauyinsa.